Farin abu mai kama da auduga a jikin tsirrai masu kaurin ganye: mene ne, kuma yaya ake rabuwa da shi?

Wata Hajiya daga Jidda ta aiko da tambaya. Tana da tukwanen tsirrai masu kaurin ganye, irin waɗanda masu mashtal, wato wurin sayar da tsirrai, ke kira usariyyat, wasu a bakin tagar falo, wasu a balkona. Akwai alobera, da ƙariya, da sabbar mai ƙaya, wato kaktus, da Crassula, da Echeveria mai ganye a zagaye. Tun da ta sayo sababbi guda biyu ta fara ganin wani farin abu kamar auduga a matse-matsin ganye, ganyen yana danƙo, kiyashi suna hawa suna sauka. Ta fesa maganin sauro na gwangwani, abin ya lafa, ya sake dawowa. Tana so ta san ko fumfuna ce ko ƙwari ne, ko zai cutar da yara, ko kuwa ta zubar da tukwanen ta huta.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki zubar da komai tukuna, kuma ki ajiye gwangwanin nan gefe. Abubuwa huɗu da kika faɗa, wato farin abin yana taruwa a matse-matsi, ganye yana danƙo, kiyashi sun samu hanya, kuma abin ya biyo sababbin tukwane, duk wuri ɗaya suke nunawa: ƙwaron nan ne mai lulluɓin fari, wanda idan kin shiga shagon kayan gona za ki ce musu baƙƙ daƙiƙi su gane. Amma ina so ki tabbatar da idonki kafin ki taɓa magani, domin a jikin irin waɗannan tsirrai farin abu ya kai kala shida, biyu daga ciki ma halittar tsiron ne, kuma maganin da ke kashe ɗaya ba ya yi wa ɗayan komai.

Ki ɗauki tukunyar zuwa wuri mai haske. Ki samo tsinken sakace da ɗan ƙyallen sifirit ɗin nan da ake goge fata da shi kafin allura, kowace saidaliyya, wato kantin magani, tana sayarwa a kwali. Ki sa tsinken ki ɗago farin. Idan ƙwaro ne, za ki ga ya taso a dunƙule yana jan zare-zare, a ƙarƙashinsa akwai ɗan jiki mai laushi, tsawonsa milimita 2 zuwa 4, mai layi-layi a baya. Ki murtsuke shi a kan farar takarda, zai bar ruwa mai launin ɗorawa ko ruwan ƙasa. Idan kika ɗora masa sifirit, farin zai narke nan take, jikin ya bayyana tsirara. Kyamarar waya ma tana taimakawa ƙwarai idan kika jawo hoton kusa. Fumfuna ba ta da jiki a ƙarƙashi, gishiri kuma ba ya jan zare.

Yana da kyau ki san yadda ƙwaron yake rayuwa, domin a nan ne dalilin dawowarsa yake. Waɗanda kike gani a manne mata ne. Ba su da fiffike, ba su cika motsi ba, sai su kafa bakinsu mai kama da allura a jikin tsiro su yi ta zuƙar ruwansa. Farin da ke jikinsu kaki ne da suke fitarwa, ruwa ba ya ratsa shi. A nau'in da ya fi yawa a tsirran gida, wanda ake kira Planococcus citri saboda yadda yake addabar itatuwan lemo, mace ɗaya tana iya zuba ƙwai ɗaruruwa, har zuwa 600, a cikin wannan jakar audugar da kike gani. Cikin mako ɗaya zuwa kwana 10 ƙwan yake ƙyanƙyashewa. 'Ya'yan ƙanana ne ƙwarai, launin ɗorawa, ba su da lulluɓi tukuna, kuma su ne masu yawo: su bi reshe, su tsallaka ganyen da ya taɓa na maƙwabci, su sauka su ɓuya a ƙarƙashin leɓen tukunya ko cikin tsagar katakon taga. A wuri mai ɗumi, wata guda ko sama da haka kaɗan ya ishi ƙwai ya zama uwa mai zuba nata. Ɗakin da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke riƙe da shi a digiri 23 zuwa 26 dare da rana, babu ruwan sama da zai wanke su, babu abokan gabarsu, wuri ne da suke hayayyafa shekara zagaye ba hutu.

Danƙon nan kuwa kashinsu ne. Ruwan tsiro yana da sukari fiye da abin da suke buƙata, sai su fitar da ragowar. Duk wanda ya yi noman dawa a gida ya san darɓa, to ita ce. Ita kiyashi ke bi, kuma ba banza suke sha ba: suna tsaron ƙwarin daga masu cinsu, wani lokaci ma su ɗauki ƙananan su kai su sabon wuri. Idan darɓar ta daɗe, wata baƙar fumfuna tana fitowa a kanta ta rufe ganye. Wannan baƙin ba ya shiga jikin tsiro, da an kawar da ƙwarin an goge, shi ke nan.

Maganin sauron da kika fesa ya kashe 'ya'yan da ke fili da kiyashin da ya tarar, shi ya sa kika ga sauƙi. Bai ratsa kakin iyayen ba, bai taɓa ƙwan ba. Bugu da ƙari, abin da ake narkar da maganin a cikinsa yana ƙona fatar ganye, kuma tabon da ya yi a ganyen Echeveria ko Crassula ba ya gogewa har ganyen ya tsufa ya faɗi.

Yanzu sauran fararen, don kada ki yi wa mai lafiya magani. Na farko shi ne wanda ya fi ba ni tausayi idan aka kawo mini tsiro an goge shi tas. Echeveria da danginta da yawa suna da wata farar hoda mai laushi, shimfiɗe daidai wa daida a duk faɗin ganye, wadda take ba su launin toka-toka ko shuɗi-shuɗi. Kaki ne na halitta. Shi ke mayar da zafin rana, shi ke rage fitar ruwa, shi ke sa ɗigon ruwa ya gangare bai zauna ba. A ƙasa mai rana irin Saudiyya, tsiron da aka goge wa hodarsa shi ne farkon ƙonewa. Kuma ganyen da aka goge ba ya sake yin wata, sai dai sabon ganye ya fito da tasa. Alamarta ita ce daidaito: ba ta taruwa wuri ɗaya, ba ta danƙo, idan yatsa ya taɓa sai ya bar sawu. Haka ma sabbar: farin gashin da ke gindin kowace ƙaya, a jere bisa tsari a duk jikin, nasa ne. Abin zargi shi ne farin da ya fito inda tsari bai kai ba, ko ya fi na sauran kauri yana danƙo.

Na uku gishiri ne. Crassula tana da ƙananan ƙofofi a ganye da take fitar da ragowar ruwa ta cikinsu, idan ruwan ya bushe sai ya bar ɗige-ɗige fari, ƙanana, a warwatse a saman ganye. Ƙyalle mai laima yana ɗauke su, ba sa motsi, ba sa yaɗuwa zuwa wata tukunya. Idan kina ganin farin ɓawo a bakin tukunya da saman ƙasa, ruwan ban-ruwanki ne ke da gishiri, ko taki ya yi yawa. Wannan ya fi samun masu amfani da ruwan rijiya da wayit, wato motar tankin ruwa, ke kawowa fiye da masu ruwan tahliya, wato ruwan teku da aka cire wa gishiri. Lokaci-lokaci ki kwarara wa tukunyar ruwa mai daɗi har ya yi ta fita ta ƙasa, ya tafi da gishirin. Ruwan da ke ɗiga daga mukayyif kusan ba shi da gishiri, idan kin tara shi a mazubi mai tsabta ya yi wannan aikin.

Na huɗu shi ne wanda ya fi kama da ƙwaron a suna da a ido, wato fumfunar da ake kira bayad daƙiƙi. Ita ba ta dunƙulewa a matse-matsi. Tana fitowa ne a fuskar ganye, tabo-tabo zagaye, fari ko toka, sai ka ce an barbaɗa gari, sannan tabon ya yi ta faɗi. Idan kika goge, za ki tarar fatar ganyen a ƙarƙashi ta canja launi, a jikin Crassula ma takan zama ɓawo mai ruwan ƙasa. Babu danƙo, babu kiyashi. Ta fi kama Kalanchoe da Crassula da dangin tinya. Mutane suna ɗauka sai ganye ya jiƙe take kamawa, alhali ita ba ta buƙatar ruwa a kan ganye. Abin da take so shi ne iska mai laima wadda ba ta motsi, da inuwa, da matsakaicin zafi, wajen digiri 20 zuwa 27. Zafin da ya wuce digiri 35 yana danne ta. Saboda haka a Jidda an fi ganinta a watannin sanyi, ko a cikin ɗaki, ko a balkonar da aka rufe da gilashi, inda laimar teku ke shiga ba ta samun mafita. Maganinta: a cire ganyen da ya kamu sosai a ƙulle a leda, a raba tukwane iska ta ratsa, a ƙara haske, sannan a fesa maganin fumfuna. Farar wuta ta fesawa tana aiki, amma da sharaɗi biyu masu nauyi a ƙasar nan: ba a fesa ta idan zafi ya kai digiri 30, kuma ba a haɗa ta da man da ake fesa wa tsiro, irin man darbejiya, sai an bar aƙalla mako biyu tsakaninsu, in ba haka ba ganye ya ƙone. Bikarbonat na fotasiyam ya fi sauƙin sha'ani idan kin samu. Sifirit ba maganin wannan ba ne, maganin ƙwari ma haka.

Farar fumfunar da ke shimfiɗa a saman ƙasar tukunya kuwa ruɓaɓɓen abu take ci, ba tsiron ba. Ki kankare ta. Amma saƙo ce cewa ƙasar tana daɗewa a jiƙe, kuma zan dawo kan wannan. Idan farin ko tokar yana gindin tsiron ne, gindin kuma ya yi laushi ya yi baƙi, to ruɓa ce. Sai dai a yanke saman daga inda yake da lafiya, a bar yankan ya bushe kwana uku zuwa mako a inuwa, a dasa a busasshiyar ƙasa.

Akwai na ƙarshe da ya keɓanta da sabbar mai faffaɗan ganye, dangin barshumi, wato 'ya'yan sabbar masu ƙaya da ake ci, waɗanda ake kawowa daga Ɗa'if. Shi ma farin dunƙule ne, amma idan kika murtsuke shi ja wur yake fitarwa kamar jini. Wannan shi ne ƙwaron da ake samun jan rini daga jikinsa tun ɗaruruwan shekaru a Meziko, kuma wani nau'insa ya yi wa gonakin barshumi mummunar ɓarna a Maroko tun daga 2014. A tukunya, maganinsa ɗaya ne da na ƙwaronki.

To, a ce kin gwada, ƙwaron ne. Abu na farko shi ne raba masu ciwo da masu lafiya, a wani ɗakin dabam, ba a ƙarshen taga ɗaya ba. Ki duba har waɗanda kike ganin lafiyarsu ƙalau: ƙarƙashin ganye, tsakiyar zagayen inda sabon ganye ke fitowa, busassun ganyayen da suka taru a gindi, leɓen tukunya, da farantin da ke ƙarƙashinta. Busassun ganyayen nan ki cire su duka, maɓoya ce. A jikin alobera ki buɗa gindin ganye a hankali inda ya rungumi kara. A jikin ƙariya ki duba kan reshe da gindin fure. Ki sa safar hannu idan za ki taɓa ƙariya ko dangin tinya, kada kuma hannun ya kai ido, domin ruwan jikinsu dafi ne. Da na ƙariya ma wasu maharba a Afirka suke dafa kibiya.

Sannan sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100. Ki jiƙa audugar goge kunne, ko ɗan burushi mai laushi, ki bi su ɗaya bayan ɗaya, ki ɗauke jakar ƙwan gaba ɗaya, kada ki jiƙa ta kawai ki bar ta a wurin. Inda auduga ba ta shiga, ki ɗiga sifirit ɗin da sirinji marar allura ya gangara cikin matsin. Idan sun yi yawa za ki iya fesawa, amma ki fara gwadawa a ganye ɗaya ki jira kwana biyu ki gani. Na fi son sifirit a kan duk wani abu ga masu farar hoda, saboda yana bushewa da sauri, kuma idan fesawa aka yi ba gogewa ba, yakan bar hodar kusan yadda take. Ki yi aikin da yamma, nesa da wuta da murhu, taga a buɗe, kuma kada rana ta taɓa tsiron sai ya bushe sarai. Man goge hannu mai kauri ba zai maye gurbinsa ba, yana da abubuwan da ke zama a kan ganye. Turare ma haka.

Bayan sifirit, idan tsiron mai jure wanka ne irin alobera, moɗa ko ƙariya, ki kwantar da tukunyar a banɗaki, ki rufe ƙasar da leda, ki wanke shi da ruwa mai ɗan ƙarfi. Wannan yana tafiya da 'ya'yan da ido bai gani ba, da darɓar. Ki girgiza ruwan da ya taru a tsakiya, ki ajiye shi inda fanka ke kaɗawa. Ki goge bakin taga, da bango, da bayan tukwane da ruwan sabulu.

Abin da ke raba wanda ya yi nasara da wanda abin ya gagara shi ne maimaitawa. Sha'anin daidai yake da na ƙwarƙwata a kan yarinya: kin kashe iyaye yau, ƙwan da ya saura zai ƙyanƙyashe mako mai zuwa, idan ba ki koma ba kin yi aikin banza. Ki sa rana ɗaya a mako, ki duba ki goge, mako huɗu zuwa shida a jere, ko da a mako na biyu ba ki ga komai ba. Sai kin yi mako uku cur ba ki ga ko ɗaya ba sannan tukunyar ta koma cikin 'yan'uwanta. Mafi yawan waɗanda suke ce mini sifirit ba ya aiki, sau ɗaya suka goge.

Za a ba ki shawarar sabulun wanke-wanke da man darbejiya. Dukansu suna kashe ƙananan, ban musa ba, kuma darbejiya itace ce mai albarka, ga ta nan dubbai a filin Arfa tana yi wa alhazai inuwa. Amma a kan waɗannan tsirrai ina taka-tsantsan da su. Sabulun kwanuka an yi shi ne don ya narkar da maiƙo, kakin ganye kuwa dangin maiƙo ne. Crassula musamman ba ta jure sabulu. Mai kuma yana shafe farar hoda har abada, kuma idan ya haɗu da zafin da ya haura digiri 30 yana dafa ganye. Idan za ki yi amfani da shi, to a kan masu koren ganye mai santsi kawai, ƙaramin cokali ɗaya a lita ɗaya ta ruwa da ɗigon sabulu don ya gauraya, da daddare, a watannin sanyi.

Akwai inda nake so ki duba wanda tambayarki ba ta ambata ba, wato cikin tukunya. Wani dangin ƙwaron a saiwa yake zama, bai cika hawowa sama ba. Alamarsa ita ce tsiro ya tsaya cak ba ya girma, ganye ya yi yaushi ko an ba shi ruwa, ko kuma ki yi ta gogewa a sama abin yana dawowa. Ki bari ƙasar ta bushe, ki zare tsiron daga tukunya. Idan kika ga farin abu mai ɗan shuɗi-shuɗi a jikin saiwoyi da bangon tukunya ta ciki, su ne. Kada ki rikita su da fararen duwatsun nan marasa nauyi da ake gaurayawa a ƙasar shuka, su suna da tauri, suna farfashewa a yatsa. Idan su ne, ki kakkaɓe ƙasar duka a leda ki zubar, kada ki juye ta a wata tukunya. Ki wanke saiwoyin tas, ki yanke matattu, ki fesa musu sifirit, ki bar tsiron a inuwa kwana uku ko huɗu saiwar ta bushe. Ba zai mutu ba, ajiyar ruwansa tana jikinsa. Tukunyar ki jiƙa ta a ruwan bilic, kashi ɗaya cikin goma, ki ɗauraye. Ki dasa a sabuwar ƙasa busasshiya, ki jira mako guda kafin ban-ruwa. Sababbin nan biyu da kika sayo, da su zan fara.

Idan tukwane sun yi yawa, ko sabbar ce mai cunkoson ƙaya da hannu ba ya shiga, akwai maganin da ake zubawa a ƙasa, saiwa ta sha, ya bi ruwan jikin tsiro, ƙwaro ya zuƙa ya mutu. Wanda aka fi sani sinadarinsa imidacloprid ne. Yana aiki, amma ba nan take ba, yakan ɗauki mako biyu ko fi, kuma sai tsiron yana cikin girma yana shan ruwa. A tsakiyar zafin Yuli da Agusta da yawa daga cikinsu suna tsayawa, maganin ba ya hawa yadda ya kamata. Ki saya a shagon kayan gona mai lasisi, a kwalbarsa ta asali, ki bi ma'aunin da ke jikin takardar ba ƙari. Kada ki zuba wa aloberar da ake shafawa a jiki ko a gashi ko ake sha. Kada ki zuba wa mai fure a waje, domin yana shiga furen ya kashe ƙudan zuma, dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a fili a 2018 ke nan. Kuma ina roƙonki, ke da duk mai karanta wannan, kada wani ya kawo muku ƙwayar maganin rumbu, wadda ke fitar da iskar fosfin, ko wani ruwa a gora marar suna, ya ce a sa a ɗaki a rufe. Wannan iskar tana bi ta tsaga da bututu ta shiga gidan maƙwabta, kuma ta yi sanadin rayuka a gidaje a ƙasar nan, har da na yara. Babu tsiron da ya kai wannan.

Kiyashin kuma sai an yi da su, in ba haka ba za su dawo da ƙwarin. Ki bi layinsu ki ga inda suke shigowa, ki toshe, ki sa musu maganin da suke ɗauka su kai gida, a inda hannun yaro ba ya kaiwa. Fesa wa waɗanda ke kan hanya ba ya taɓa gidan. Ki duba ma ko a cikin wata tukunyar suka yi gida.

Dalilin da ya sa nake ƙin feshin kan-mai-uwa-da-wabi, musamman a balkona da suɗuhu, wato saman soro, shi ne ƙwaron yana da masu cinsa, kuma su feshin ya fi kashewa. A farkon shekarun 1970 wani ɗan'uwansa ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka ya afka wa rogo, daga Kongo har ya kai Najeriya da maƙwabtanta. Ba feshi ne ya tsayar da shi ba. Masana a cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, ƙarƙashin Hans Herren, sun yi kiwon wani ɗan mitsitsin zanzaro da aka samo asalinsa daga Faraguwe, wanda ke zuba ƙwansa a cikin jikin ƙwaron, aka fara sakinsa a 1981, ya bazu ya danne annobar. Aikin ne ya sa aka ba Herren babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 1995. A tukwanen waje, idan kika ga gawar ƙwaron ta kumbura ta yi tauri da ɗan rami a bayanta, irin wannan aikin ake yi miki kyauta, sai ki tsaya a kan auduga da sifirit.

Saura abin da ya sa tsirran suka zama abinci mai sauƙi. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa a nan an rene su ne a rumfunan gilashi, a cikin baƙar ƙasar nan mai laushi da ake kira bitmos, wadda ke riƙe ruwa kwana da kwanaki. Idan aka kawo su falo mai labule, haske ya yi kaɗan, ana ba su ruwa kowane kwana biyu, ana ƙara musu taki, sai su yi sabon toho mai laushi, dogo, cike da ruwa. Irin wannan tohon ƙwaron ya fi so. Ki canja musu ƙasa: rabi ƙasar shuka, rabi abu mai tsakuwa, ko fararen duwatsun nan, ko tsakuwar dutsen wuta, ko yashi mai manyan ƙwayoyi da aka wanke. Yashin bakin teku yana da gishiri, rairayin sahara kuma ya yi laushi, yana toshe ƙasa. Tukunya ta zama mai huda a ƙasa, ta yumɓu ta fi. Kada ki ba da ruwa sai tsinken da kika soka har ƙasa ya fito a bushe, sannan ki ba da shi sosai har ya fita. Taki kaɗan, a watannin sanyi da suke girma. Haske kuwa tagar gabas ta fi, ranar safe. Ranar azahar ta Jidda ko Makka a lokacin zafi tana dafa Echeveria, ita ƙariya da sabbar ne ke iya mata, su ma idan daga ɗaki suka fito sai a saba musu da kaɗan-kaɗan. Duk sabon tsiro, na saye ko na kyauta, ya yi wata guda shi kaɗai kafin ya shiga cikin sauran. Reshen da maƙwabciya ta yanko miki ma haka.

Akwai lokacin da zubarwa ita ce daidai. Idan tsiro ƙarami ne mai araha, ƙwarin sun cika tsakiyarsa har sabon ganye yana fitowa a murɗe, saiwar ma ta kamu, ki ciri ganye biyu ko uku masu lafiya daga ƙasa, ki wanke su da sifirit, ki ajiye a kan busasshiyar ƙasa su yi sabon tsiro, uwar kuma ki ƙulle ta a leda da ƙasarta ki fitar. Ajiye ta yana jawo wa sauran.

Game da yara, hankalinki ya kwanta. Ƙwaron ba ya cizon mutum, ba ya zama a jiki ko a tufafi ko a katifa, ba ya ɗauko wata cuta zuwa ga mutane, ruwan tsiro kaɗai yake sha. Fumfunar ganye ma ta tsiro ce, sai dai mai asma ko mai saurin atishawa ya nisanci wurin lokacin da ake gogewa. Abin da za ki kiyaye musu shi ne kwalbar sifirit, da maganin kiyashi, da ita ƙariyar kanta: ki ɗaga ta inda ƙaramin yaro ba zai tsinki ganye ko fure ya kai baki ba. Aloberar da kika goge da sifirit kaɗai za ki iya ci gaba da amfani da ita, ki dai wanke ganyen kafin ki yanka.